Idan Aka Yi Rasuwa a Gida: Matakan da Za a Bi Daga Sa'ar Farko Har Zuwa Rabon Gado

A jihar Kebbi, daga Argungu har Yawuri, ba a barin mutum shi kaɗai da gawa. Kafin ka gama sanar da mutum biyar, wani ya riga ya tafi neman alawayyo, samarin unguwa sun saɓa diga da shebur sun nufi maƙabarta, maƙwabta sun fito da tabarmi. Jana'iza aikin gari ne, kuma gari ya iya shi. Abin da ba mu ƙware a kai ba shi ne wanda ke biyo baya, sa'ad da aka naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa: bashin da ba a rubuta ba, kuɗin da ya maƙale a banki, matar da ke takaba ba mai leƙa ta, yaran da aka ce wa babansu ya yi tafiya. Zan bi matakan a jere, amma zan fi daɗewa a wuraren da aka fi yin tuntuɓe.

Sa'ar farko

Idan kuna kusa lokacin da mutum yake gargara, a juya shi ya fuskanci alƙibla in hakan ba zai wahalar da shi ba. Mutum ɗaya wanda ya fi sakewa da shi ya riƙa faɗin La'ilaha illallah kusa da kunnensa, a hankali. Ba a matsa masa da "faɗi, faɗi". In ya faɗa sau ɗaya a yi shiru, sai fa idan ya sake yin wata magana.

Da rai ya yi halinsa, abu na farko shi ne a tabbatar. Mai ciwon suga da sugansa ya faɗi ƙasa, wanda aka tsamo daga ruwa, wanda ya yanke jiki ya faɗi ba tare da jinya ba, duk suna iya yin doguwar suma mai kama da mutuwa. Malaman Malikiyya, duk da sun so a gaggauta shirya mamaci, sun ware wanda ya nutse suka ce a dakata har sai an sakankance. In akwai likita ko ma'aikacin lafiya a kusa, a kira shi ya duba.

Bayan an tabbatar, a rufe masa idanu, a ɗaure haɓarsa da ƙyalle mai laushi zuwa tsakiyar ka, a lanƙwasa hannuwa da ƙafafu a miƙar da su don kada su sandare, a cire zobe da agogo, a lulluɓe shi da mayafi. Kowa ya yi Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya ƙara da addu'ar da Ummu Salama ta yi lokacin rasuwar mijinta: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, wato roƙon Allah ya ba da ladan musibar, ya musanya da mafi alheri.

A wannan sa'ar ce kuma ya kamata a yi abin da gidaje da yawa ba sa yi: a zaɓi mutum ɗaya mai amana da natsuwa, a ce shi zai riƙe al'amura. Kada ya zama wanda mutuwar ta fi bugawa. Ƙanen uba, kawu, ko amintaccen abokin mamaci ya fi. A ba shi littafin rubutu sabo da biro. A gaban mutum biyu a miƙa masa wayar mamaci, katin cirar kuɗi, makullan shago da na rumbu, da jakar takardu, a rubuta abin da aka miƙa. Wani zai ga kamar rashin kunya ne a yi maganar makulli gawa tana kwance. Ni kuwa ina ganin kariya ce ga kowa, domin zargin "wa ya shiga ɗakin" ya raba 'yan'uwan da suka sha nono ɗaya.

Sanarwa ta fara da na jiki, kuma da baki. Uwa, uba, mata da 'ya'ya kada su tsinci labarin a Facebook ko a zauren WhatsApp. Tsohuwa mai hawan jini ba a faɗa mata ta waya. A tura wanda zai zauna kusa da ita, ya fara da cewa jikin ya tsananta. Hoton gawa kuwa, ko na jinya, kada a ɗauka balle a yaɗa. Mamaci yana da alfarmarsa, kuma 'ya'yansa za su girma su tarar da hoton.

In a asibiti aka rasu, kada ku fita sai kun karɓi takardar likita mai bayanin dalilin rasuwa. Komawa nemanta bayan wata uku wahala ce. In haɗarin mota ne, ko kisa, ko mutuwa mai shakku, a sanar da 'yan sanda kafin a rufe, a karɓi rahotonsu, saboda za a neme shi wajen inshora da fansho. In kuma amai da gudawa ne ko zazzaɓin Lassa ya yi ajalin mutum, gawar tana iya yaɗa cutar. A kira jami'an lafiya na ƙaramar hukuma, masu wanka su sa safar hannu, kuma wanda ya taɓa gawar kada ya shiga harkar abinci ko randar ruwan sha a ranar.

Wanka, sallah, kabari

Nan ba sai na tsawaita ba, kowace unguwa tana da masu sani. Maza su wanke namiji, mata su wanke mace, kuma ya halatta miji ya wanke matarsa ko mata ta wanke mijinta. A rage jama'a a wurin, a bar mai wanka da mai zuba ruwa. A rufe al'aura, a matsa ciki a hankali, a tsarkake shi da ƙyalle a hannu, a yi masa alwala, sannan a wanke dama kafin hagu. Wankan ya zama mara, sau 3 ko 5, da ruwan ganyen magarya, na ƙarshe da kafur. Gashin mace a kitse shi gida uku a mayar baya. Abin da mai wanka ya gani na aibi, ya bar shi a cikinsa har abada.

Likkafani fari ne, kuma kuɗinsa daga dukiyar mamaci yake fita kafin komai, sai in wani ya ɗauki nauyi. Wanda ya nutse da wadda ta rasu wajen haihuwa, duk da an yi musu bushara da ladan shahada, ana yi musu wanka da sallah kamar kowa. Sallar kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, ana yi wa mamaci addu'a, a sallame. A zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Birnin Kebbi, jinkirta jana'iza don jiran wanda zai taso daga Legas ba tausayi ba ne. A rufe, in ya iso ya je kabarin ya yi addu'a.

Kafin a tayar da sallah, wakilin iyali ya tashi ya ce: "Jama'a, duk wanda yake bin marigayi bashi, ko marigayi yake binsa, ko akwai ajiya a tsakaninsu, ya ga wane." A ambaci sunan mai littafin nan, a nuna shi da hannu. A kabari a kwantar da mamaci kan gefen dama yana fuskantar gabas, a jera itace, a toshe da ɗanyar ƙasa, a mayar da ƙasa. Kada a yi saurin juyawa. Manzon Allah (SAW) yakan tsaya bayan an rufe ya ce a nema wa ɗan'uwa gafara, a roƙa masa tabbata, domin a lokacin ake tambayarsa.

Zaman makoki

Kwana uku ne, kuma ga abin da ya fi damuna a cikinsu. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) ya ce a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da zai shagaltar da su ya same su. Mu kuwa a wurare da yawa mun juya abin. Gidan da aka yi rashi shi ke buɗe rumbu, shi ke sayen buhun shinkafa da itace, matan gidan da idanunsu suka kumbura su ke tsaye kan murhu don ciyar da baƙi. Maƙwabta da surukai su raba kwanakin nan a tsakaninsu: gidan wane safe, gidan wance dare. A kawo wa waɗanda abin ya shafa kai tsaye abu mai ruwa-ruwa, domin maƙogwaron mai baƙin ciki ba ya karɓar tuwo. Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu mai laushi, ta ce ta ji Annabi yana cewa yana sanyaya zuciyar marar lafiya, yana rage baƙin ciki. Kunun gero ko na gyaɗa mai ɗumi zai yi wannan aikin.

Mai zuwa ta'aziyya ya taƙaita. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan." Ya zauna kaɗan, ya tashi. Ba wurin hirar siyasa ba ne ko ta farashin taki. Akwai kuma maganganun da ke huda zuciya ko da an faɗe su da kyakkyawar niyya: "da kun kai shi asibiti da wuri", "me ya ci a gidan wance", "ai ni dama na ga alama". Wadda ta yi jinyar mijinta wata shida tana zargin kanta da kanta tun kafin ka buɗe baki. Mafi muni shi ne a soma raɗe-raɗin sammu ko maita a kan kishiya ko wata tsohuwa. Babban gida ya kashe wannan magana tun a ranar farko, a bainar jama'a.

Game da sadakar uku, bakwai da arba'in, malamanmu sun saɓa: wasu na ganin bidi'a ce, wasu na ganin taron addu'a ne da bai da laifi. Kowane gida ya bi malamin da ya amince da shi, kada a mayar da makoki fagen gardama. Amma akwai inda ba a saɓa ba: ba a taɓa dukiyar gado a yi wannan hidima in akwai ƙananan yara a cikin magada. Wanda yake so ya yi, ya sa hannu a aljihunsa. Kuɗin da masu ta'aziyya suka bayar kuma a rubuta, a bayyana wa aka ba, don kada ya narke a hannun masu shiga da fita.

Littafin bashi

Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Don haka wannan ne aikin farko bayan an watse. Mai littafi ya ware shafi uku: abin da ake bin mamaci, abin da yake bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa.

A ƙasarmu bashi ba kasafai yake kan takarda ba, sai an bi sawu. A tambayi dillalin da ya ba shi taki ko man injin ban-ruwa da alkawarin biya da kaka. A tambayi uwar adashi ko ya kwasa ko bai kwasa ba. A bincika gonar fadama da yake nomawa: tasa ce, aro ce, ko jingina? Manomin shinkafa wataƙila akwai ragowar rancen noma na gwamnati a kansa, irin shirin da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Mai albasa a Aliero wataƙila ya tura kaya kudu ba a aiko da kuɗin ba. Shanun da ya ba makiyayi kiwo, a je a ƙirga su da shaidu tun da wuri. A duba saƙonnin wayarsa da manhajojin kuɗi irin OPay da Moniepoint, kuma a ci gaba da sa wa layinsa kati, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sayar wa wani, alhali asusun banki a ɗaure yake da lambar.

Ragowar sadakin da bai cika ba bashi ne. Kuɗin da ya ranta a hannun matarsa, na sana'arta ko na akuyarta da ya sayar, bashi ne, ko da kunya ta hana ta faɗa. Wata dattijuwa ta shiga ta tambaye ta a keɓe. Wanda kuma ya zo da da'awar babban bashi ba shaida ba rubutu, kada a yi masa gardama a zaure, kada kuma a biya shi; a ce ya bari a je gaban alƙali.

Bayan an naɗe tabarmi

Rana ta huɗu gida yakan yi tsit, kuma a nan ne mutuwar take sauka a jiki da gaske. Mutum ya kasa barci, abinci ya fita ransa, ya manta abin da ya shiga ɗaki ɗauka, ya ji kamar ya ji sallamar mamaci a ƙofar gida. Wani fushi ne ke taso masa ba gaira ba dalili. Duk wannan ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Mun iya cewa "yi haƙuri", har mukan yi amfani da ita mu toshe bakin mai kuka. Alhali Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Abin da aka hana shi ne kururuwa, marin fuska, yaga tufafi da maganar saɓo. In 'yar'uwarki ta fashe da kuka, ki matso ki riƙe ta, ki bar ta ta yi. In tana son maimaita labarin daren da ya cika karo na goma, ki saurara. Kada ki ji tsoron ambaton sunansa. Ta fi jin zafin a ce kowa ya manta da shi.

Taimako kuma ya zama na zahiri. "In kina buƙatar wani abu ki faɗa" ba ta kai ko'ina, don ba za ta faɗa ba. Ka aiko da kwanon gero, ka biya kuɗin makarantar yaro ɗaya, ka tura a yi musu noman gonar kafin ciyawa ta cinye ta. Dangi su raba makonni a tsakaninsu har wata huɗu, a san wanda zai leƙa kowace Juma'a. A kula da mai shan maganin hawan jini ko suga, don a irin wannan lokaci ake daina sha. Maza ma kada a manta da su. Dattijon da ya rasa matar da suka yi shekara arba'in tare ba zai yi kuka a gabanku ba, sai dai ku ga ya daina fitowa majalisa, ya rame. Abokansa su riƙa biyo masa zuwa masallaci.

Yara a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: "Baba ya rasu. Allah ya karɓi ransa, ba zai dawo gida ba, amma muna yi masa addu'a, kuma ba laifin kowa ba ne." Yaron da aka ce wa ya yi tafiya zai yi ta tsaron ƙofa, ran da ya gane kuma ya daina yarda da maganar manya. In ya koma fitsarin kwance ko ya maƙale wa uwarsa, kada a doke shi. A sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya. Kuma kada a rarraba 'yan'uwa gidaje daban-daban a makon da suka rasa mahaifi, rashi biyu ke nan a lokaci guda.

Akwai wadda ake yawan tsallakewa: matar da ta haifi ɗa ba rai, ko jaririnta ya koma bayan kwana biyu. Sai a ce "Allah ya kawo mai amfani" a wuce. Ita wata tara ta ɗauka, ga nono ya cika yana mata ciwo. A yi mata ta'aziyya sosai, a kai ta ungozomar asibiti ta duba ta.

In watanni suka shuɗe mutum bai fara dawowa ba, ba ci ba barci ba wanka, ko ya koma shan ƙwaya da maganin tari, ko yana cewa gara shi ma ya mutu, to a tashi tsaye. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na feshi daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. A fara da babban asibitin da ke kusa, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. In akwai buƙata za a tura shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna.

Takardu

Takardar shaidar mutuwa da hukuma ta sani ita ce ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, kuma tana da ma'aikata a ƙananan hukumomi 21 na jihar. A je da takardar likita. In a gida aka rasu, a nemi wasiƙar mai unguwa ko uban ƙasa, galibi tare da takardar rantsuwa daga kotu. A tabbatar sunan ya yi daidai da wanda ke kan katin ɗan ƙasa da asusun banki, harafi da harafi. A yi kwafi da yawa, asalin kuma kada ya bar hannunku.

Sai banki. Ko kun san lambar sirrin katin, kada ku cire ko kwabo. Tun daga lokacin da ya cika, kuɗin ya zama na magada gaba ɗaya. A rubuta wa banki a sanar da su, a tambaye su takardun da suke so. Wasu kan yi aiki da umarnin babbar kotun Shari'a, wasu sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha. A nan akwai kuskuren da ya yaɗu: sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba ya mayar da mutum mai dukiya. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai.

In ma'aikaci ne, a kai sanarwa ofishinsa a rubuce, a nemi ragowar albashi, garatuti da haƙƙin mutuwa. Ma'aikatan tarayya da na kamfanonin da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 suna da asusun ajiya a kamfanin fansho, kuma dokar ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, sai su karɓi na asusun su tafi. Ku tambaya da bakinku. Kada ku miƙa takardu ga ɗan kamashon da ya ce zai fito da kuɗin cikin mako guda a raba.

Maƙwabtanmu Kirista na ƙasar Zuru da sauran wurare, jana'izarsu da rabon gadonsu daban ne, amma wannan sashe na takardu ɗaya ne a gare mu duka.

Takaba

Wata 4 da kwana 10 ne, kamar yadda aya ta 234 a Suratul Baƙara ta faɗa, ana ƙirgawa da watan Musulunci daga ranar rasuwa. Mai ciki kuwa har ta haihu. Wadda aka ɗaura aure ba ta tare ba ita ma tana yi, kuma tana da gado. Haka wadda aka yi wa saki na kome, ya rasu tana cikin idda.

Za ta zauna a ɗakin mijinta, ta bar ado, turare, kwalli, lalle da kayan ƙarau. Ba a neman aurenta a fili. Iyakarsa ke nan. Tana wanka duk lokacin da ta so, tana wanke kai, tana amsa waya, tana fita da rana zuwa asibiti, wurin aiki ko kotu, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Abin da ake ƙarawa a wasu gidaje, wai ba wanka sai Juma'a, ko sai ta riƙe 'yar wuƙa, ba shi da tushe, kuma ƙuntata wa mai rauni ne.

A mazhabar Malikiyya tana da haƙƙin zama a gidan in na mijin ne ko ya riga ya biya haya, don haka babu mai ikon fitar da ita. Amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar gado sai daga kasonta. Wannan ya sa wajibi ne danginta da na mijin su zauna a makon farko su faɗi wanda zai riƙa kawo cefane. In ba haka ba, sai a wayi gari mai takaba tana sayar da kwanukan ɗakinta.

Wanda ba a ga gawarsa ba, hukuncinsa daban ne. Mutanen bakin kogin Kwara sun san wannan ciwo. A haɗarin jirgin ruwa na Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021, mutane da yawa suka salwanta. Haka wanda 'yan bindiga suka tafi da shi aka daina jin ɗuriyarsa. Iyali ba su ke yanke cewa ya mutu ba. A kai magana gaban alƙali, shi zai bincika ya sa wa'adi gwargwadon yadda mutumin ya ɓata. Kafin hukuncinsa ba a raba gado, matar kuma ba ta aure.

Gado da marayu

Jerin a bayyane yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba kuma ba ga magaji ba, sannan a raba saura bisa ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Kafin a fara, a ware abin da ba na mamaci ba: kayan ɗakin mata, dabbobinsu, da kyautar da ya yi wa wani tun yana raye har wancan ya karɓa. In wata cikin matan tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu.

Ga misali. Mutum ya bar matan aure 2, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa sun riga shi, kuma bayan an biya bashi an sami buhun shinkafa 80. Matan aure suna da ɗaya cikin takwas, buhu 10, kowace 5. Sauran 70 a kasa su gida 7: kowane namiji buhu 20, kowace mace 10. Wan mamaci da ƙanensa ba su da ko mudu, tunda akwai ɗa namiji. Haka lissafin yake a kan gona da gida. 'Ya mace tana da kasonta na fadama, kuma "ai tana gidan miji" ba hujja ba ce. In za ta bar wa 'yan'uwanta, sai an nuna mata iyakar nata, ta mallaka, sannan ta bayar don ranta ya so.

Kada a ja lokaci. Gadon da aka bari "a haɗe" shekara goma, magaji ya mutu a kan magaji, har ya zama jikoki ne ke shari'a a kan gonar da ba su san iyakarta ba. A je kotun Shari'a, ko a kira malami masanin gado a yi a gida, amma a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta tabbatar. Jikan da ubansa ya riga kakan rasuwa ba ya gado tare da baffanninsa, sai dai aya ta 8 a surar ta ce a ba dangi da marayu da suka halarci rabo wani abu, a gaya musu magana mai daɗi. Magada su zauna su fitar masa da abin da zai ji a jikinsa.

Riƙon yara na uwarsu ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, kakarsu ta wajen uwa ce a gaba, ba dangin uba ba. Dukiyarsu kuwa tana hannun wanda uban ya yi wa wasicci ko wanda alƙali ya naɗa. Wanda aka ɗora wa wannan ya karanta aya ta 10 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Ya buɗe wa kason kowane yaro shafinsa. Gonar maraya in an ba da ita haya ko an noma, a rubuta abin da ta kawo kowace kaka da abin da aka kashe a kan abincinsa, suturarsa da karatunsa, uwar ta riƙe kwafi. Ran da yaro ya balaga aka ga ya iya riƙe kuɗi, a kira shaidu kamar yadda aya ta 6 ta umarta, a karanta masa lissafin tun daga shekarar farko, a zagaya da shi iyakokin gonarsa, a miƙa masa takardunta a hannu.